Nomau da Nonon Kurciya

A ƙauyen Tsaunin Gawo akwai wani mutum, Nomau. Ba shi da mugunta ko kaɗan, sai dai abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Yana zaune da matarsa Kande, da tsohuwarsa Inna Tabawa, wadda ta san kowane haki na daji amma ciwon gwiwa ya zaunar da ita. Da damina Kande ta haihu. Bayan suna nono ya ɗauke mata. Aka koma ba jariri na akuya, yana sha yana amayarwa, har kukansa ya daina fita sosai.

Wata rana Inna ta kira shi. "Nomau, je ka samo min nonon kurciya, in dafa wa Kande a kunun kanwa, shi ke kawo ruwan nono. Ɗan ƙaramin ganye ne, in ka tsinke shi farin ruwa zai fito." Bai daɗe ba sai ga shi da hula cike da ganyen tumfafiya, ya bi ya zaɓo ƙanana ƙanana. Inna ta kaɓe hular. "Kashe mana mai jego za ka yi? Maza wanke hannunka kafin ka taɓa ido!" Ya ce, "To ai ƙanana ne, Inna, ga kuma farin ruwan."

Wata rana kuma Inna ta ja jiki zuwa bayan rumbu, da kyar ta sami tsiro ɗaya tal. Ta ɗora masa a tafin hannu. "Duba da kyau. Karansa ja-ja mai gashi, ganye biyu-biyu suna kallon juna, ga ɗan dunƙulen fure a tsakani. Irin wannan sak nake so." Nomau bai dawo ba sai la'asar, hannu rabbana. Ya ce ya gan su birjik, amma babu sak, don na dajin duk a miƙe suke, na hannunsa kuwa ya yanƙwane. Kande ta juya fuska bango tana kuka. Ni kaina, da ina wurin, da na kwaɗa masa mari.

Wata rana, ta uku ke nan, aka wayi gari jariri ko yatsa ba ya tsotsa. Tsoro ya kama Inna. Ta ce, "Waɗanda ka gani jiya, a ina suke?" Ya ce a gefen wata gonar masara, kan hanyar rafi. "To koma. Kar ka zaɓa, kar ka gyara. Yadda ka same shi haka za ka kawo min."

Ta ɗora tukunya. Ruwa ya tafasa ya ƙone, ta ƙara wani. Rana ta take, babu Nomau. Can sai ga shi yana nishi, ya turo baro. Ashe fartanya ya sa ya yanko ƙasar wurin gaba ɗaya, da ganyen da ciyawar da duk tarkacen da ke kai. Inna ba ta da ƙarfin faɗa. Ta finciki ganyen cike da hannu, ta nufi tukunya.

Nomau ya ce, "Inna, a hankali, za ki zubar da farin. Yadda suke kwance na kawo su."

Ta tsaya ta leƙa baro. Fari ne masu cin ganyen gona, matattu, sun fi ashirin, ƙafafu a sama. A ƙarƙashin ciyawar ga wata 'yar kwalbar maganin feshi, babu komai ciki. Ta kai ganyen hanci, ta ji warin maganin, sai ta watsar da shi. Kande ta leƙo daga ɗaki. "Inna, kunun ya yi?"

Inna ta juya wurin Nomau ta ce, "Zubar da ƙasar nan nesa da awaki, ka wanke baron tas, ka ɗauke ni a ciki. Bakin rafi za mu, inda ba a noma." Da hannunta ta tsinko, ta dafa. Kwana biyu Kande tana shan kunun, a na uku aka ji jariri yana haɗiya. Inna ta fito tsakar gida tana share hawaye, ta dubi ɗanta ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Nomau."

Ya ce, "Amin, Inna. Farin fa, in mayar da su?"