Rasuwar Dattijuwa, Kwamfutar Rabon Ruwa

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki da gajiya, Malam Sahabi Maccido, sakataren ƙungiyar manoman rani da ke shan ruwan Dam ɗin Goronyo, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Goronyo da Wurno da Rabah rasuwar kwamfutarsa ta cinya, wadda kowa ya sani da Dattijuwa. Ta cika ranar Talata bayan La'asar a kan teburin ofishin ƙungiya, tana da shekara goma sha huɗu a hannunsa, ban da waɗanda ta yi a ƙasar waje kafin a kawo ta gwanjo.

Ba za mu roƙa mata rahama ba, kada malamai su ja mana kunne, roba ce da ƙarfe. Amma halin kirki ko a jikin ƙarfe aka gan shi, ya kamata a faɗa.

Marigayiya ce ke riƙe da jerin rabon ruwa na manoma ɗari da 'yan kai: wa zai buɗe kanal, wato magudanar ruwa, ranar Asabar, wa zai haƙura sai Litinin. Ba ta taɓa karɓar buhun albasa ta sa wani gaba ba. Sai dai babban alherinta ba wannan ba ne, kuma Malam Sahabi ya ce a rubuta shi yadda yake. Shekara huɗu ke nan da yanar ido ta fara rufe masa gani, bai gaya wa kowa ba, don tsoron kada a ce ya ajiye sakatarci. Tun da ya bar koyarwa, wannan kujerar ce ke fitar da shi daga gida, ita ce ke sa a ƙetaro titi a gaishe shi. Dattijuwa ce ta rufa masa asiri.

Mace ce mai tsayawa wuri ɗaya. Maɓallinta na farawa yana can kusurwar hagu ta ƙasa, inda aka bar shi jiya nan za a same shi gobe. Malam zai danna shi, ya buga kibiyar sama sau uku, sai ga jeri ya buɗe da haruffa manya-manya kamar babban yatsa. Da safe takan gaishe shi da "tin-tilin-tin". In ya yi kuskure ta ce "ƙwam!" sau ɗaya, a hankali, ba tare da ta tara masa jama'a ba. Da yatsu da kunne yake aikinsa, masu jira a bakin ƙofa suna yaba saurinsa.

Ciwon ajalinta ya samo asali ne daga alheri, abin da ya fi ci wa Malam rai ke nan, don babu wanda zai zaga. Batirinta ne ya kumbura, ya kai ta wurin Sirajo mai gyara a kasuwar Wurno. Sirajo, saboda ganin girma, bai tsaya a batir ba, sai ya ɗora mata sabon tsari gaba ɗaya, kyauta.

"Baba, wanga shi aka yayi yanzu," in ji shi yana murmushi. "Wancan tsohon, ko waɗanda sunka yi shi sun yada shi."

Malam ya kai yatsa kusurwar hagu, wayam. Fuskar duk ta cika da akwatuna masu launi, wasu har juyawa suke yi da kansu.

"Mi kay yi mata, Sirajo? Ina ƙohwar shiga?"

"Ai sai ka duba, Baba, ga shi nan dut a rubuce."

Malam ya yi godiya, ya sa ta a jaka. Bayan kwana biyu ya dawo ya roƙi a mayar mata da fuskarta ta da, Sirajo ya ce an riga an goge, kuma masu ƙera tsarin sun rufe hanyar komawa.

Mu dai mun gaji da mutanen nan da ba mu taɓa gani ba. Suna can wata duniya, su shigo ɗakin mutum ba sallama, su ɗauke buta daga inda ya saba ajiyewa, su kai takalminsa bayan ƙofa, sannan su ce an yi masa gyara. Wa ya kai musu kuka? Ko sau ɗaya ba su zo Goronyo sun tambayi Malam Sahabi ko maɓallin yana damunsa a inda yake ba.

Tun daga ranar Dattijuwa ba ta sake lafiya ba. Tsohon jiki ya kasa ɗaukar sabon kaya. Kafin ta farka sai an dafa shayi an shanye, fankarta na nishi "fuuu, fuuu", jikinta zafi rau. Gaisuwar safe ta daina, "ƙwam" ɗin ma ta daina.

Ana cikin jinya, masu wani shirin tallafin noma suka kawo wa ƙungiya tabilet, irin allon nan da ake shafawa da yatsa, aka ce shi ne magaji. Yana da fuskar sabon tsarin sak, amma rabin aikin kawai ya iya. Manhajar rabon ruwa ya ce bai san ta ba. Firinta mai buga takardu kuwa, ko ramin da za a soka ta babu. Gilashi ne sumul, yatsa ba ya jin inda ya fara balle inda ya ƙare. Malam ya yi mako yana shafe-shafe, daga ƙarshe ya haɗa jerin watan da ka, ya rubuta da biro, aka liƙa a ƙofar ofis.

Layi biyu suka sauya wuri. Wata gonar ta sha ruwa sau biyu, albasar Lauwali, wanda gonarsa ke can ƙarshen kanal, ta yi kwana tara ba ta ga ɗigo ba. Lauwali ya ciro takardar ya shigo ofis, bai ɗaga murya ba.

"Malam, tun da nike ba ka taɓa cin ruwana ba. Lahiya dai? Duba nan."

Ya ɗora yatsa a kan sunansa. Malam ya ƙura wa takardar ido, amma can sama da yatsan yake kallo. Lauwali ya daɗe yana dubansa, sannan ya ninke takardar ya sa aljihu, ya ce Allah shi kyauta, ya fita. Malam ya ce da zaginsa ya yi, da ya fi masa sauƙi.

Kwana uku bayan haka fuskar Dattijuwa ta yi baƙi ƙirin. Sirajo da kansa ya hawo babur daga Wurno, ya kwance cikinta, ya kara kunne, ya girgiza kai.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif wuri uku, da jakar atamfa da Inna Khadijatu, matar Malam, ta ɗinka mata. Ta bar firinta, abokiyar zamanta, wadda ke takaba a lungu, babu mai jin yarenta. Tabilet ya ce shi jika ne, dangi dai ba su shaida ba.

Ranar Alhamis da hantsi Sirajo zai ɗauki gawar zuwa Sakkwato, a ciro ƙwaƙwalwarta ko Allah zai sa a tsira da sunayen manoma, sauran sassan a raba wa mabuƙata. Ranar Juma'a bayan an sauko, Malam Sahabi zai miƙa wa shugaban ƙungiya makullin ofis da tabilet, kuma zai nemi gafarar Lauwali a gaban kowa.

Za a yi zaman makoki kwana uku a ƙofar gidansa, daga La'asar zuwa Magariba. Ana roƙon masu ta'aziyya kada a zo da wata sabuwar na'ura, kada kuma a ce masa zai saba. Abu ɗaya ya nema: duk wanda ya yi sallama, ko da abokin shekara hamsin ne, ya taimaka ya faɗi sunansa.