Sabulun Mai Makulli

"...lafiya lau, Amarya. Ke ce dai na ga kin kwana da kumburarren ido, kamar wadda aka yi wa saki."

"Ina kwana dai na ce, Tsoho. Ban ce ka duba ni ba."

A ƙofar shagon kayan kwamfuta suka haɗu, ita da kakanta mai yanka makulli. Allon kwamfutarta ne ya mutu jiya, ga aikinta na kammala karatu a ciki, jibi kuma za ta miƙa. Hankalinta a tashe yake ƙwarai, amma ko a bakin kura take ba za ta bari tsohon nan ya gane ba. Shi ya ce zai saya mata sabo. Ga kuma takarda manne a bangon shagon: kayan da ya fita ba ya dawowa.

"Ka zauna a benci, kada ka taɓa komai," in ji ta. "Nan ba kwaɗo ake sayarwa ba."

"To, Farfesa. Mu jahilai namu ido."

Ta nufi wani allo shafal, mai faɗi, siriri kamar faranti. "Wannan nake so."

"Ma sha Allah! Kyan ɗan maciji. Kin duba bayansa?"

"Gabansa zan kalla, ba bayansa ba."

"Haka kakarki ta ce ranar da ta zaɓe ni."

"Ga shi kuwa har yau tana kuka."

"Ni dai tambaya nake. Wayar da za ta haɗa shi da kwamfutarki, bakinsu ɗaya?"

"Duk na zamani bakinsu ɗaya ne."

"Kwamfutar taki ta zamani ce? Wadda in an kunna ta maƙwabta ke fitowa su ga ko injin niƙa aka kawo?"

Mai shago ya ƙunshe dariya. "Hajiya, wane irin rami ne a bayan taki?"

Nan fa ake yin ta. Shekara huɗu tana aiki da kwamfutar nan, ba ta taɓa leƙa bayanta ba. Ta daure ta ce, "Rami dai... irin na kowa."

"Allah ya ba mu ilimi," in ji tsohon. Ya laluba aljihu, ya fito da wani abu naɗe a hankici, ya ajiye a kan teburin mai shago. Sabulun wanka ne.

"Innalillahi! Tsoho, wanka za ka yi a shagon mutane? Na san an daɗe ba a haɗu ba, amma ka bari mu koma gida."

"Malam, duba min nan," in ji tsohon.

Mai shago ya ɗaga sabulun. A jikinsa ga shatin rami ya fito raɗau, sama ya fi ƙasa faɗi, da ɗigo-ɗigo layi uku. Jiya, tana can tana kukan allo, tsohon ya zagaya bayan kwamfutar ya danna sabulu a ramin, yadda yake ɗaukar shatin makulli tun kafin a haifi uwarta.

"Ɗigo goma sha biyar," in ji mai shago. "VGA ne. Wanda kika zaɓa kuwa HDMI kaɗai gare shi, ba za su haɗu ba. Adaftar da ke haɗa su kuwa ta ƙare sai mako mai zuwa."

Ta kalli takardar nan ta bango. Da tuni ta rungumi allon ta kai gida, ta zauna tana kallon fuskarta a ciki har jibi ta wuce.

"Ka cusa min sabulu a kwamfuta?" ta ce, don dai kada ta yi shiru.

"Na share da allura. Aikina ne. Ke naki aikin me, ban da baki?"

Mai shago ya sauko da wani allon, bai kai wancan kyau ba, amma ramuka biyu gare shi, tsoho da sabo. Ya kara sabulun kusa da tsohon ramin. Daidai wa daida.

"Da tsohuwar zuma ake magani, Amarya."

"Zuma dai? Wane sabulu ne wannan ma? Ƙamshinsa kamar na sani."

Tsohon ya soma kallon silin.

"Tsoho! Na Kaka ne? Wanda take ɓoyewa a ƙasan akwati?"

"Shi ne mai laushi."

Dariya ta ƙwace mata har da dafa tebur. "Shi ke nan, na sallama, ka fi ni. Ɗauki allon mu je, zan tsaya a hanya in saya mata wani. Ka ceci karatuna, bari in ceci aurenka."