Rijiyar da Muka Tsara Babu Tanko

Ba zan taɓa mantawa da ranin da aka ba ni shugabancin ƙungiyarmu ta masu noman tumatir a Kurmin Kogi ba. An zaɓe ni ne don ina da furfura, kuma ina iya rubuta sunayen mutane da ajami. Ni kuwa na ɗauka hikimata aka gani.

A cikinmu akwai Tanko, mutumin kirki, sai dai ba a kawo magana ya bar ta ta wuce lafiya. Taron da ya kamata a gama kafin la'asar, sai ya kai mu goshin magariba. To, da za mu zauna kan inda za a haƙa rijiyar ban ruwa a fadama, ga dashe ya matso, sai na sa taron ranar kasuwar Makarfi, na aiki Tanko ya sayo mana igiya (Allah Ya yafe mini, muna da igiya har biyu).

Taro ya yi daɗi. Na nuna gindin wata tsamiya, kowa ya ce, "Haka ne, Malam." Muka shafa fatiha. Har gida na bi mai unguwa na shaida masa cewa a zamanina kan ƙungiya ya haɗu, ko tari ba wanda ya yi.

Kwana huɗu ana gayya. Ran na biyar diga ta daki dutse, shimfiɗaɗɗe kamar daɓen ɗaki. Daidai lokacin mai unguwa ya iso ganin ruwa. Ya leƙa ramin, ya ce, "Wa ya zaɓi nan?"

Na gyara hula na ce, "Ranka ya daɗe, shawarar kowa ce."

Sai Alhaji Bawa, dattijon cikinmu, ya ce, "Ni dai na san da dutsen. Mahaifina ya taɓa haƙa nan."

Mai unguwa ya ce, "Me ya hana ka faɗa?"

"Ina jiran Tanko ya fara. Shi ya saba musu da Malam, mu sai mu bi baya."

Ashe kusan rabinsu sun sani. Mai unguwa ya juya wajen Tanko, wanda ke cikin rami da laka har gira. "Kai kuma ina bakin naka ya tafi?"

Tanko ya ce, "Makarfi, ranka ya daɗe. Malam ya aike shi."

Dariyar da aka yi har masu kiwo a hayi sun waiwayo. Ni kuwa na tsaya ina ta jan carbi, ban san abin da nake karantawa ba.

Mun sake haƙa a inda Tanko ya nuna, muka sami ruwa, amma dashenmu ya makara, tumatirinmu ya fito lokacin da kasuwa ta cika.

Yanzu idan na kawo shawara na ji kowa ya ce haka ne, gabana faɗuwa yake. Sai in tsayar da taro, in nemi wanda zai ɓata mini rai tun diga tana gida.