Rasuwar Babban Rumbun Gidan Malam Gide

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Abdulgafar Gide na 'Yargoje, wanda masu sauraron gambarar zamani suka fi sani da Gafar Mai Rumbu, nake sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a na Kankara da Faskari da Sabuwa rasuwar babban rumbun gidanmu. Ya faɗi ranar Talatar da ta wuce, jim kaɗan bayan azahar, ana tsakiyar marka. Ya rasu yana da shekara talatin da ɗaya. Ya girme ni da shekara biyu, don haka duk wanda ya ji ina kiransa Yaya kada ya yi mamaki.

Mahaifinmu Malam Gide ne ya gina marigayin da hannunsa, da jar ƙasa da ciyawar ramno, ya ɗora shi kan duwatsu tara. Shekara ashirin da shida ya yi yana aikin da aka gina shi dominsa. Ya riƙe gero, ya riƙe dawa, bai taɓa bari ɓera ya ci amanar gida ba. Sai shekarun nan suka zo da gonarmu ta daji ta gagara zuwa, kowa ya san dalili. Aka kwashe damin ƙarshe, marigayin ya zauna ciki fayau, Baba kuma ya daina bi ta gefensa in zai fita masallaci.

A lokacin ni ina fama da waya da wata tsohuwar kwamfuta a ɗakina, ina haɗa kiɗa ina ɗora baiti. Duk waƙar da na ɗauka sai zakara ya sa baki, ko injin markaɗen makwabta ya karɓi amshi. Wata rana Baba ya tarar da ni na lulluɓa da bargo biyu cikin zafin bazara, ina zuba baiti ina zuba gumi. Ya daɗe yana kallona. Ni na san bai taɓa son wannan sana'a ba. Amma sai ya nuna rumbun da haɓa ya ce, “Tahi ka shiga can ka yi ihunka. Ko ba komi a ce an zuba wani abu ciki.”

Ranar na kafa tsani, na ɗaga jinka, na dira ciki. Na ce “a'a”, marigayin ya ce “a'a” da wata murya mai kauri da daɗi wadda ban taɓa sanin ina da ita ba. Na buga bangonsa da tafin hannu, ya ce dum. Wannan dum ɗin ita ce gangar da ke ƙarƙashin kusan duk waƙar da na fitar tun daga ranar.

Marigayin mai haƙuri ne, mai rufin asiri. Ya ji baitocin da ko ni ba na son tunawa da su, bai taɓa fitar da ko ɗaya waje ba. Ba ya bambanta babba da ƙarami, kowa sai ya cire takalmi ya hau tsani kafin ya gan shi. Rabo na 'Yankara, wanda a waƙa yake cewa ba ƙofar da ta isa ta tsayar da shi, ya taɓa maƙalewa a bakin marigayin har sai da aka nemo man gyaɗa. Hamida ta Damari, wadda muryarta ke rawa in ana kallonta, a cikinsa ta fara rera baiti goma sha shida ba ta tsaya ba, domin a can ba mai ganinta. Waƙa arba'in da uku aka ɗauka a cikinsa. Sun shiga wayoyin 'yan acaɓa, sun shiga shagunan caji, ranar kasuwar 'Yankara kuwa sai ka ji su daga rumfa uku a lokaci ɗaya. Wani mai situdiyo ya taɓa bugo mini waya daga Kaduna yana tambayar na'urar da nake sa wa murya take yin wannan kauri. Na ce masa daga waje aka kawo mini ita. Allah ya yafe mini, amma dai a wajen ɗaki take.

Game da ciwon ajalinsa, wajibi ne in faɗi gaskiya, tunda ba a yi wa mamaci ƙarya.

Wayar makirufo ta sama take bi, ta bakin rumbun, kuma kullum gajarta take yi. Shekara uku da suka wuce, ranar da Baba ya tafi ɗaurin aure Kankara, na ɗauki doguwar ƙusa na huda marigayin daga ƙasa, ta ɓangaren da ke kallon ɗakina. Ɗakina a gabas yake. Duk ɗan da aka haifa a ƙasar nan ya san ta gabas ruwa ke dukan gini, ni ma na sani, amma ranar waya kawai nake gani. Na zura wayar, na cusa tsumma ta waje, na jingina tsohuwar katifa ta ciki. Da lokacin yaɓe ya zo, sai na ce wa Baba ya huta, na ɗauke masa wannan aiki daga yau. Ya ji daɗi har ya sa mini albarka. Ni kuwa don kada ya ga hudar na faɗa, kuma damina uku ban taɓa kwaɓa ko tafin ƙasa ba.

Marigayin bai ɓoye mini ciwonsa ba. Tun bara dum ɗinsa ta fara komawa duf. Ni da kunnena ke jin kukan ɗan tsako a bayan kiɗa, na ji sarai. Maimakon in ɗaga katifa in duba, sai na zauna gaban kwamfuta na ƙara masa kauri da hannuna. Ashe ruwa na shiga, gara na bin ruwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, bana ne Baba ya samu ya koma gona. Shi da makwabta suka yi ƙungiya suka nome rabinta, geron kuma ya yi kyau. Tun farkon damina ya ce mini, “In gero ya zo gida sai ka tattara waƙoƙinka, mai ɗaki ya dawo.” Yana faɗa yana murmushi. Na ga ya koma bi ta gefen rumbun, har yakan dafa shi in zai wuce. Saura mako biyu a fara yanka.

Ranar Talata ina ɗaki sai na ji wani dogon nishi, sannan rugum. Ko da na fito, Yaya ya durƙusa ta gabas, jinkarsa ta faɗa cikinsa. Innarmu Barakatu tana bakin madafa da ludayi a hannu tana salati. Da Baba ya dawo daga gona bai tambayi kowa komai ba. Ya zagaya ɓaraguzan cikin ruwa, ya tsuguna, ya ɗago wani guntun bango mai huda, wayata na zure a cikinta. Ya zare wayar a hankali, ya naɗe ta a hannunsa kamar yadda yake naɗe igiyar guga, ya miƙo mini ya ce, “Ga abinka.” Da ya mare ni da na fi samun sauƙi. Tun ranar ban kunna kwamfuta ba, abinci ma sai Inna ta tsaya a kaina.

Marigayin ya rasu ya bar maginin da ya gina shi, mai shekara saba'in da ɗaya. Ya bar tsani ɗaya, duwatsu tara, da katifar da ba za ta ƙara moruwa ba. Ya bar waƙa arba'in da uku a hannun jama'a, da guda ɗaya da aka ɗauki baitinta biyu, na ukun kuma babu inda za a ɗauke shi ya dace da 'yan'uwansa. Ya bar gero tsaye a gona, na farko cikin shekara biyar, wanda zai zo gida bai tarar da masauki ba. Ya kuma bar ni, ƙaninsa, wanda ya ci moriyarsa fiye da kowa.

Za a yi masa sutura ranar Asabar da hantsi, a inda ya faɗi. Za a farfasa ƙasarsa, a tara ta wuri ɗaya a rufe, sai ruwa ya ɗauke a sake kwaɓa ta. Ana roƙon duk wanda ya taɓa ɗaukar murya a cikinsa ya zo da fartanya ko kwando, kada kowa ya zo da lasifika. Rabo, an keɓe maka ɗaukar duwatsu. Geron bana kuwa a ɗakina za a jibge shi, ni na koma zaure. Masu ta'aziyya su wuce wurin Baba kai tsaye, ni ban cancanci a yi mini ba.

Baba ya ce ƙarfinsa bai kai na gini ba yanzu, zai zauna kan tabarma ya riƙa nuna mini, ni in ɗora. Jiya da la'asar ya kira ni, yana auna filin da sandarsa, bai ko dube ni ba ya ce, “Wanga karon ka hwaɗa mani inda wayar taka za ta bi tun ana gini, in sa maka ɗan bututu. Amma ba ta gabas ba.”

Na tsuguna kusa da sandarsa, na nuna masa yamma da yatsa.

Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya kawo geron gida lafiya.

Sanarwa daga Abdulgafar Gide, a madadin iyalan Malam Gide, 'Yargoje.