Ni da Fursunonin Zuru

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa yayar mijina jagora zuwa Zuru ba. Ko na so in manta, dangin mijina ba za su bari ba.

Wata huɗu ke nan da aurena a Sakkwato, lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa ba. Kowace amarya ta san akwai mutum guda a dangin miji wanda in ya ce kina da kirki, to kin samu shiga. A namu dangin Yaya Hajiya ce, babbar yayarsu, mai sayar da dawa da man kaɗanya. Har lokacin ba ta yabe ni ba, ba ta kushe ni ba, kallona kawai take tana auna ni. Sai ran nan na ji tana cewa ta gaji da aike, tana so ta je ta ga kasuwar Zuru da idonta, amma ba ta san inda za ta sauka ba. Babu wanda ya tambaye ni. Bakina ne ya buɗe da kansa.

"Zuru? Ai Yaya kamar garinmu ne. Shekara uku na yi a can."

Ban yi ƙarya ba, na yi shekara uku. Abin da ban faɗa ba shi ne a makarantar kwana ta 'yan mata na yi su, a bayan katanga. Sanina da garin bai wuce tasha ba, sai wani masaukin baƙi mai itatuwan mangwaro da babana ya taɓa kwana a ciki da ya zo mini ziyara. Amma na zauna na zana mata duwatsu da kasuwa da masauki mai fanka, har ni kaina na fara yarda da kaina.

Muka kama hanya a motarta da direbanta, tsakiyar damina. Bayan azahar muka isa, na shiga nuna wa direba hanya cikin gadara, dama, hagu, sake dama. Itatuwan mangwaro suna nan yadda na bar su. Masaukin ne ya koma gidan kiwon kaji. Wari ne ya fara yi mana maraba tun kafin mai gadi ya fito ya ce an fi shekara biyar da sayar da wurin.

"Wanga shi na masaukin mai hwanka?" in ji Yaya Hajiya.

Mai hankali a nan zai tsaya ya tambayi mutanen gari. Ni kuwa sai na ce akwai wani da ya fi wannan ta wajen unguwar Rikoto (babu wanda na sani, ina dai fatan in ga allo a bakin hanya). Na ciro waya in kira maigida ya cece ni, babu sabis ko ɗigo.

Mun ɗan fita daga cikin gidaje sai ga wata gona a gindin dutse, samari wajen ashirin sun jera a layi suna noma, ba riga, gumi na tsiyaya, suna waƙa da harshensu. A ƙarƙashin wata ɗorawa wani dattijo na zaune a kujera da tsohuwar rigar kaki, sanda a kan cinya, yana kallonsu.

"Amarya, su wa na waɗanga?"

Kalma uku ce za ta fisshe ni: ban sani ba. Amma bayan abin kunyar kaji ina neman abin da zan farfaɗo da shi. Na dubi kaki, na dubi sanda, na dubi layi.

"Fursunoni ne, Yaya. Ana fito da su aiki. Ga gandirobansu can."

Na manta da abu ɗaya: Yaya Hajiya ba ta wuce mabuƙaci. Nan take ta ce direba ya tsaya. Na ce Yaya ai an hana kusantarsu. Ta ce ba a hana sadaka. Na ce hadari na haɗowa. Ta riga ta kwashi burodi da ƙuli-ƙulin guzurinmu ta tsallaka kunyoyin gonar, dole na bi ta, takalmin amarcina na nutsewa a laka.

Ta yi wa dattijon sallama, ya miƙe ya amsa da fara'a. Samarin suka dakata. Ta fara miƙa musu burodi ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "Allah shi hid da ku, ɗiyana. In kun hita ku kama sana'a, ku bar abin da ya kawo ku nan." Suna karɓa suna kallon juna. Sannan ta juya ga dattijon ta rage murya.

"Malam gandiroba, laihin mi sunka yi? Yara ƙanana haka."

"Gandiroba?" Fara'ar ta ɗauke. "Hajiya, wane ne ya ce maki fursunoni ne?"

Juyowa kawai ta yi, ido arba'in suka biyo nata suka sauka a kaina.

Dattijon ya buga sanda a ƙasa. Ya ce shi soja ne mai ritaya, gonarsa ce, kuma wannan golmo ne: a al'adarsu ta ƙabilar Lelna saurayi da abokansa suna yi wa uban yarinya noma damina bayan damina kafin a ba shi aurenta. Ya kamo hannun wani dogo ya ce, "Wannan shi zai auri 'yata. Ni ma shekara bakwai na yi a gonar surukina kafin na shiga soja. Yau a gonata, a gaban surukina, an ce mani mai gadin ɓarayi!"

Samarin suka fashe da dariya, wani har da zama a ƙasa, burodi a hannu. Ni kuwa na durƙusa a laka ina "Baba ka yi haƙuri", ina jin haushin kaina, ina jin haushin Yaya da ba ta iya wuce mutane ba tare da ta ciyar da su ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kirkin mutumin. Da ya ji ba mu da masauki, ya rantse ba za mu kwana ko'ina ba sai gidansa. Matarsa ta share mana ɗaki, ta nuna mana gabas, ta sa maƙwabcinsu Musulmi ya yanka mana kaza. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai an nuna ni an ba shi labari da harshensu na C'lela. Ban ji ko kalma ba, amma na san daidai inda ake zuwa kaina.

Washegari matar dattijon ce ta zaga da mu kasuwa, layin masu dawa, mata masu man kaɗanya, masu tukwane, ta kai mu gindin duwatsu tana faɗin sunan kowanne. Yaya Hajiya na gaba suna hira kamar sun shekara tare, jagora na baya riƙe da jaka.

A hanyar komawa ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Sai da muka kusa gida ta ce, "Amarya, ke dai akwai ƙarhin hali." Kafin sati ya zagayo har 'ya'yan dangi na kirana Anti Gandiroba, maigidan da ya kamata ya kare ni shi ya fi kowa dariya.

Shiga dai na samu, don tun daga ranar ba ta tafiya kasuwa sai da ni, wai ina ɗebe mata kewa. Sharaɗinta ɗaya ne: in aka tambayi hanya, in yi shiru. Yanzu ko unguwarmu aka tambaye ni, cewa nake bari in tambayo.