Nomau da Tantunan Yayansa

A ƙauyen Gidan Kanya an yi wani mutum ana ce masa Nomau. Ƙato ne, ga ƙarfi ga fara'a, ba a taɓa jin ya yi faɗa da kowa ba. Matsalarsa guda ce: duk yadda magana ta fito daga bakinka, haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. Yana zaune da matarsa Tabawa, wadda ta daɗe da koyon auna kalma kafin ta aike shi, da akuyarsu guda ɗaya mai ɓarna. Yayansa Sallau kuwa ɗan kasuwa ne a birni.

Wata rana Sallau ya sauka a gidan da kaya niƙi-niƙi. Ya tattara jarinsa kaf ya saro tantuna irin na zamani, shuɗi da ruwan goro da kore shar, kowanne in an naɗe bai fi matashin kai ba. Ga kujeru masu naɗewa, ga katifun da ake hura wa iska, ga ɗan risho kamar gwangwanin madara. Ya ce ma'aikatan rigakafin shanu za su zo yankin nan da mako guda, suna yawo ruga-ruga, in kayan sun yi musu za su saya duka. Nomau ya ɗaga tanti guda da ɗan yatsa, ya yi ta dariya. "Yaya, ɗaki ne wannan? Ai faifan Tabawa ya fi shi nauyi!" Sallau ya ce, "Za ni gaida mai gari. Ka sa ido a kan kayan nan." Nomau ya durƙusa, ya manna idonsa na dama a jikin jaka, ya rufe na hagu don kada ya raba hankali. Yana jin ƙurmus-ƙurmus a bayansa, amma bai ɗago ba, tunda an ba shi amana. Da Sallau ya dawo, ya tarar akuya ta cinye igiyar tanti biyu tana neman ta uku. "Nomau! Ba ka ga akuya ba?" Nomau ya ɗago da ido jawur ya ce, "Da wane idon, Yaya? Ai yana kan kaya." Tabawa ce ta kwance igiyar shanyarta aka maye gurbinsu.

Wata rana kuma Sallau ya miƙa masa katifa ya ce, "Hura wannan, mu ga ko tana yoyo." Nomau ya shimfiɗa ta a tsakar gida, ya kwanta rub da ciki yana hura ta kamar mai huce kunu, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Tun hantsi har rana ta take. Tabawa ta leƙo daga madafa ta ce, "Maigida, me kake yi haka?" Ya ce, "Aikin Yaya. Kin ga har ta yi sanyi." Ta zo ta nuna masa 'yar ƙofar da ake sa baki. Ya hura sau goma sha, katifa ta tashi ɓul-ɓul. Daɗi ya kama shi har ya kira maƙwabta su zo su ga gadon da ya yi da numfashinsa.

Wata rana yayyafi ya jiƙa shuɗin tantin, wanda Sallau ya kafa don gwaji. Zai fita ya ce, "Ka kai shi fili ya sha iska." Nomau ya ɗauke shi a kafe, ya kai masussuka. Ya duba ya ga zif a rufe, ya ce a ransa, wa ya taɓa shan abu da baki a rufe? Ya zuge zif, ya juya bakin tantin gabas inda iska ke tasowa. Turakun ma bai buga ba, don a ganinsa ba a ɗaure mai shan abu. Iska ta shiga, tanti ya kumbura, ya yi tsalle, ya kama gangarawa. Ya tsallake katangar masallaci, ya watsa kajin maƙwabta, ya bi ta kan mai ƙosai har ta saki matsami, jama'a na biye da ihu, ya je ya maƙale a kan tsamiyar bakin kasuwa. Sallau ya iso yana haki. Nomau ya ɗaga kai yana murmushi ya ce, "Ya ƙoshi, Yaya. Dubi cikinsa."

Ranar da baƙi za su zo, Sallau bai ko karya ba. Ya san in cinikin nan ya ɓaci, ya koma birni hannu wofi. Zai tafi tararsu a bakin titi, ya kira ƙanensa ya ce, "Nomau, don Allah yau ka natsu. Ka kwashi tantuna shida ka kafa a bakin kogi. Ka buga turaku da kyau." Kowa a garin ya san wurin, wani shimfiɗaɗɗen yashi ne mai inuwa. Nomau ya goya kayan ya isa can, ya duba hagu ya duba dama. Ya ga gefen kogi, ya ga cikinsa, amma bai ga baki ba. Ya ce, baki ai a kai yake, bari in nemi kan. Ya bi kogin sama, yana tafe yana 'yar waƙarsa, har ya hau tudun duwatsu inda ruwa ke fitowa ta tsakanin wasu falalen duwatsu biyu kamar leɓɓa. "Alhamdu lillahi, ga shi nan!" Ya haye saman leɓen, ya kafa tantuna a jere, ya buga turaku har ƙasa ta amsa.

Bayan azahar baƙi suka iso yashin nan, ba tanti ba alamarsa. Sai can sama suka hango launuka suna ƙyalli. Shugabarsu, wata likitar dabbobi mai suna Dakta Saude, ta hau tudun da ƙyar, mutanenta na ɗauke da akwatunan allurai. Ta zauna a kujera mai naɗewa tana share gumi ta ce, "Malam Sallau, in haka aikinku yake, ba za mu shirya ba. Mu huta, a sauke mana su ƙasa." Sallau ya harari ƙanensa, idonsa ya ciko. Nomau dai na ta zuba wa baƙi ruwa, ransa fari tas.

Ba su gama shan ruwan ba suka ji ruri kamar na manyan motoci. Ashe an tafka ruwa a can gabas, duk kwazazzaban suka juye cikin kogin. Ruwa ya taho jawur, da itatuwa da kututture, ya shafe yashin nan har rassan bishiyoyin. Dakta Saude ta dubi akwatunan allurai, ta dubi mutanenta, ta ƙirga su da ido. Sannan hadarin ya iso kansu, suka shige tantuna, ko ɗigo bai taɓa su ba.

Da aka ɗauke, ta fito ta ce, "Malam Sallau, kayanka duka mun saya. Malam Nomau, wa ya gaya maka ruwa zai zo?" Nomau ya ce, "Ba kowa, Hajiya. Ni dai na ga ba kyau baƙo ya sauka a cikin kogi alhali ga bakinsa." Sallau ya rungume shi yana dariya yana hawaye, ya ce, "Nomau, yau kam ka wanke ni." Nomau ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Tukuna, Yaya. Tsaya nan in ɗebo ruwa."