Asabar Ɗin da Na Sabunta Kwamfutar Baba

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar da na tashi yi wa mahaifina gata, na ƙare da kunyata mu duka biyu a gaban abokansa ba.

A lokacin ina aikin sakatariya a Yamai, an kuma tura mu wani ɗan horo kan gyaran kwamfuta, har da takardar shaida mai ado a gefe. Tun da na karɓi takardar nan na daina ganin kowace na'ura da mutunci. Ko rediyon maƙwabta na ji yana shashsheƙa, sai hannuna ya fara ƙaiƙayi. Da wannan zafin kan na tafi hutu gida, garinmu da ke kusa da Madawa.

Baba yana da wata tsohuwar kwamfuta a zaure (mu dai odinatar muke ce mata), wadda aka ba shi lokacin da ya ajiye aikin ofis a asibitin mishan. Aikinta ɗaya ne. Duk Asabar yakan buga takardar waƙoƙi da karatun Lahadi ta majami'armu, ya kai a yi fotokofi. Ba wanda ya naɗa shi, ba kuma mai biyansa, amma gara ka ce masa ya bar cin tuwo da ka ce ya bar wa wani aikin nan. Ita kuwa odinatar, in ka kunna ta kana iya zuwa ka dama fura ka dawo ba ta gama miƙa ba. Sistem ɗin da ke cikinta, wato tsarin da ke tafiyar da ita, masu shi ma sun daina kula da shi tuntuni.

Na kwana biyu ina shawara da kaina kan sistem ɗin da zan saka mata. Zuciyata ta fi son sabo fil irin na ofishinmu, mai ƙyalli, amma na duba na ga ƙwaƙwalwar tsohuwar ba za ta ɗauka ba, ɗora mata shi kamar ɗora wa jakin da ya tsufa buhun albasa biyu ne. Akwai kuma wani mara nauyi, kyauta, da aka yi musamman don irin waɗannan tsofaffin na'urori. Shi na zaɓa, har ina yaba wa kaina da hankali. Na kwashe duk takardun Baba na adana a kile, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, don kada ko ɗaya ta ɓata. Ina so a rubuta wannan a ajiye: ta fuskar na'ura ban yi kuskure ko ɗaya ba. (Yiwuwar in bar ta yadda take kuwa, ko a mafarki ba ta zo mini ba.)

Ni 'yar fari ce, don haka Baba ba ya doguwar magana da ni, komai ta wajen Inna yake bi. Da na gaya mata niyyata sai ta ce in bari Lahadi ta wuce tukuna. Na shiga yi mata bayanin ƙwayoyin cuta na kwamfuta da ɓarayin intanet, ita da ko wayarta ba ta amsawa sai an danna mata. Can Baba ya jiyo mu daga ɗaki ya ce a bar ni in yi, ai ni na yi karatun abin. Ni kuwa na ɗauka yabo ne.

Da hantsin Asabar na gama. Odinatar ta koma yarinya, kana dannawa tana tashi. Daɗi ya kama ni, na kasa haƙuri, na fita rumfa na gayyato Baba da abokan hirarsa su zo su gani: Malam Idi, manomin albasa, amininsa tun suna yara, da Baba Yohanna, dattijon majami'a. Na tsaya a gabansu na yi lacca. Har na ce tsohon abu in ya gaji canza shi ake yi, a gaban tsofaffi uku. Malam Idi ya tambaye ni a hankali ko haka ake yi wa mutane ma a Yamai. Suka yi dariya, na taya su, ban fahimci komai ba.

Sai Baba ya zauna. Ya dafa linzamin kwamfutar, ya ja shi can kusurwar sama ta hagu, ya danna, sannan ya harɗe hannu yana jira kamar yadda ya saba. Babu abin da ya buɗe, domin a sabon tsarin babu komai a wannan kusurwar. Da ya ga jiran ya isa sai ya fara bugawa. Yatsunsa na tafiya ba gargada, yana ɗan rera waƙar a maƙogwaro, ya buga baitin farko gaba ɗaya. A kan allon kuwa hoton wani dutse ne kawai, ko harafi ɗaya bai fito ba.

Na tuntsire da dariya. Na ce, “Baba, ai ba ka buɗe komai ba. Ga shi nan ƙasa an rubuta ɓaro-ɓaro, karanta mana.”

Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Na sa yatsa na nuna, na maimaita da ƙarfi, sai ka ce kunne ne matsalar. Baba ya janye hannunsa daga linzamin, ya juya wajen Malam Idi ya ce hasken rana ne ya yi yawa a zauren. Zauren da ko taga ba shi da ita.

Malam Idi ya ce in kawo masa ruwa, ya kuma biyo ni har bakin randa. Ya yi ƙasa da murya ya ce, “Ɗiyata, idon babanki ya yi yana, an daɗe. Ba ganin allon ga shikai ba, hannunai ne ya san hanya. Mu duka mun sani munka yi shiru. Ke anka ɓoye ma, don kar hankalinki shi tashi can.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe ya haddace wurin kowane abu ne, ni kuma na zo da takardar shaidata na share masa hanya, na tara masa jama'a, na sa shi karatu a gabansu. Ga tsohon sistem ya tafi, ba mu da faifansa, ga takardar Lahadi ana jira gobe. Tausayinsa ya kama ni fiye da kunyar kaina, kuma kunyar ba kaɗan ba ce.

Da na koma, abokan nasa sun riga sun tuna da ayyukan da ke jiransu. Baba na zaune shi kaɗai. Ban san yadda ake ba da haƙuri kan abin da ba a yarda a ambata ba, sai na durƙusa gefensa na ce, “Baba, ni na hargitsa maka wuri. Nuna mini inda komai yake dā, in mayar.”

Sai ya lalubo hannuna a kan linzamin, ya ɗora nasa a kai, ya ja mu tare zuwa kusurwar. Ya ce, “Nan waƙoƙi suke.” Haka muka bi allon, yana ja ina ajiyewa, nan karatu, nan sanarwa, nan wurin kashewa. Rabon da hannunsa ya riƙe nawa tun yana kai ni lakwal, wato makarantar boko. Hawaye na zuba mini, na kuma gode wa Allah da ba ya gani (Allah Ya yafe mini wannan godiyar). Na ƙara wa haruffan girma ba tare da na faɗa ba. Kafin la'asar takarda ta kammala, ya saɓa rigarsa ya kai ta da kansa, washegari kuma aka rera waƙoƙinsa ba wanda ya ji wani bambanci.

Daga baya Inna da Malam Idi suka taru a kansa har ya yarda aka cire masa yanar. Dā kunya ce ta hana shi, wai yaran da ya koya wa aiki su riƙa jan sa da hannu a asibitin. Bayan an kwance masa bandeji Inna ta kira ni tana dariya. Wai ya zauna gaban odinatar, ya ƙare wa allon kallo, ya ce, “To mi yarinyar ga ta wuni tana yi? Ai komi na nan inda shike.”

Yabon da ya fi kowane daɗi ke nan da aka taɓa yi wa aikina. Yanzu in aka kawo mini na'ura gyara, nakan fara zama in kalli yadda mai ita yake taɓa ta, bakina a rufe. Har yau rufe bakin ne ya fi ba ni wahala.